Daga Talabijin Zuwa Tafin Hannu: Nazari Kan Fuskar Wasan Gem

A Samaru da Sabon Gari na Zariya wasan gem gida biyu gare shi. Na farko shi ne gidan gem, shagon nan da ake jera talabijin da PlayStation, a ajiye benci, janareta na ruri a waje, samari su biya kuɗin wasa ɗaya na ƙwallo a miƙa musu fad. Na biyu shi ne tafin hannu. Na'urorin wasa na hannu irin na Nintendo da Sony ba su taɓa cika gari a nan ba kamar yadda suka yi a Japan da Amurka. Yaran shekarun 1990 sun fi sanin 'yar na'urar nan ta jera bulo mai cin batir, daga baya aka shiga Snake na wayar Nokia, sannan wasannin Java da sai mutum ya san girman allon wayarsa, ko 128 da 160 ne ko 240 da 320, kafin ya sauko da wanda zai zauna daidai. PSP ta Sony, ta gwanjo, ta ɗan shigo hannun masu hali. Yau kuwa na'urar hannun ita ce wayar Tecno ko Infinix ko itel da aka saya a shagunan PZ ko kasuwar Sabon Gari, kuma akasarin abin da ake bugawa a kanta an ƙirƙire shi ne don babban allo. Abin da nake son dubawa shi ne fuskar wasa, wato duk abin da ke tsakanin mai bugawa da wasan: rubutu, taswira, alamar rai da ta harsashi, jerin zaɓi, inda kyamara ta tsaya, da maɓallan da ake dannawa. Ra'ayina shi ne wasan da ya baro talabijin ba ya zama lafiya a tafin hannu sai an sake yanke shawara tun daga tushe kan abin da mutum zai gani da abin da zai danna. Matse hoto kaɗai ba ya wadatarwa, ƙarfin na'ura kuma ba ya ɗauke wa mai zane wannan nauyi.

Matsalar ta girmi wasan wayar salula. Game Boy da Gunpei Yokoi ya jagoranci ƙerawa a Nintendo ta fito a 1989 da allo mai ɗigo 160 a faɗi da 144 a tsayi, da launi huɗu kacal daga haske zuwa duhu. Na'urar NES ta talabijin kuwa tana zana 256 da 240. Idan aka lissafa, allon hannun bai kai kashi 40 cikin ɗari na na talabijin ba. Mai ɗauko wasa daga can zuwa nan hanya biyu ke fara zuwa masa: ko ya ƙanƙantar da komai har jarumin wasan ya zama ɗan tabo, ko ya bar shi a girmansa ya yanke gefen duniya. Super Mario Bros. Deluxe na 1999 ya bi ta biyu, shi ya sa mai bugawa kan yi tsalle zuwa wurin da ba ya gani, har sai da aka ba shi damar danna sama ko ƙasa ya leƙa. Sonic 2 na 1992 ya fi nuna illar a fili, domin wasa ɗaya ne ya fito a Master System ta talabijin da Game Gear ta hannu, amma ubangidan matakin farko ya yi suna wajen wahala a Game Gear, saboda ƙwallayen da ke gangarowa suna faɗo wa mutum daga wajen allo kafin ya gan su. Yankan hoto ya ƙara wa wasan wuya. Sai a kwatanta da Link's Awakening na 1993, wanda aka gina shi a kan ma'aunin Game Boy ɗin kanta: kowane ɗaki ya shiga allo ɗaya cif, aka ware layi guda siriri a ƙasa don rai da kuɗi da kayan hannu, kuma da yake maɓallan aiki biyu ne kawai, aka bar mai bugawa ya ɗora abin da yake so a kowanne, har da takobin. Wannan ma yana da nasa tsadar, domin mutum yakan yi ta shiga jerin kaya yana fita. Amma tsada ce da aka zaɓa ido buɗe, kuma babu abin da ke kashe mutum daga inda ba ya gani.

Duk wanda ya san aikin babbar riga a Zariya zai gane wannan. Idan za a yi wa yaro riga mai aska, mai ɗinki ba ya ɗaukar zanen rigar uban ya rage kowane layi da rabi, domin kaurin zare da bakin allura ba sa raguwa tare da yadi. Dole ya zubar da wasu ƙananan zane, ya bar waɗanda ido ke gane rigar da su. A allon hannu, ɗigo da ɗan yatsa da ƙwayar ido su ne abubuwan da ba sa raguwa. Haske ma yana cikinsu. Game Boy Advance ta 2001 ta fito ba fitila a allonta, sai Castlevania: Circle of the Moon da ya zo tare da ita ya sha suka saboda duhu, mutane suna neman gindin taga kafin su ga abokin gaba. Masu ɗauko tsofaffin wasannin Super Nintendo suka koyi darasi, suka riƙa haskaka launi fiye da na asali, kamar yadda aka yi wa Donkey Kong Country a 2003. Wanda ya kalli wannan sigar yau a allo mai fitila zai ce launin ya koɗe, alhali a na'urar da aka yi shi dominta gyara ne na mai hankali.

PSP ce ta fi shafar mu, don haka a nan ya kamata a daɗe. Sony ta fitar da ita a Japan a ƙarshen 2004, da allo mai inci 4.3 da ɗigo 480 da 272. Ta yi kama da PlayStation 2 a ƙarfi da siffa, amma ta rasa sandar analog ta dama, ta rasa L2 da R2. A God of War na PS2, sandar dama ce ake turawa jarumin wasan, Kratos, ya yi birgima ya kauce wa sara. Da kamfanin Ready at Dawn ya yi Chains of Olympus a 2008, sai ya mayar da birgimar kan riƙe L da R tare da tura sandar hagu, kuma da yake wasan ne ke juya kyamara da kansa, rashin sanda ta biyu bai zama rauni ba. Monster Hunter kuwa ya ɗora kyamara a kan maɓallin gicciye da ke saman sandar hagu, duka a gefe guda, har masu bugawa suka ƙirƙiro wani riƙo na lanƙwasa manuniya a saman babban yatsa don su yi tafiya suna juya kallo a lokaci ɗaya. Wasan ya karɓu ƙwarai a Japan duk da haka, amma hannun mutane ne ya biya bashin da mai zane ya ci. Konami ta fitar da wasan ƙwallo na PES a PSP shekara bayan shekara har zuwa PES 2014. Sai kuma a 2012 wani ɗan Suwidin, Henrik Rydgård, ya saki PPSSPP, manhajar da ke kwaikwayon PSP a waya da kwamfuta. Ta wannan ƙofa ce PES da God of War da GTA na PSP suka cika wayoyin ɗalibai da 'yan unguwa, ana tura su daga waya zuwa waya ta Xender ba tare da an ƙona data ba. Ke nan abin da saurayi yake bugawa a Hayin Dogo ko a ɗakin kwanan ɗalibai na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi ƙaura sau biyu: daga talabijin zuwa PSP, daga PSP zuwa gilashin da ba maɓalli ko ɗaya a jikinsa. Ina ganin dalilin da ya sa waɗannan wasanni suka jure ƙaura ta biyu shi ne an riga an yi musu tankaɗe a ta farko. Rubutunsu manya ne saboda ɗigo 272 ba ya ɗaukar ƙanana, maɓallansu kaɗan ne, kuma ba sa neman sanda biyu.

A duba hannun mai buga PES a irin wannan waya. Ya kwantar da ita, manyan yatsunsa biyu suna kan gilashi, na hagu a kan da'irar da ke madadin sanda, na dama yana yawo tsakanin alwatika da murabba'i da da'ira da gicciye waɗanda zane ne kawai. A fad na gidan gem yatsa yana jin gefen maɓalli, ba ya buƙatar ido. A gilashi babu abin ji, sai yatsa ya zame kaɗan kaɗan, mutum ya nufi fasin ya buga shot. Wayoyin yanzu dogaye ne, kusan 20 bisa 9, hoton PSP kuma kusan 16 bisa 9, don haka akan sami baƙin fili a hagu da dama. Wannan filin alheri ne, domin nan ne mazaunin yatsu. Amma da yawa sukan shiga saiti su ja hoton ya cika allo, 'yan wasa su yi faɗi, yatsu kuma su rufe kusurwoyin fili inda ɗan gefe ke gudu. Haka nan sigogin da masu gyare-gyare ke yaɗawa, waɗanda aka ɗora wa tsohon PES sababbin riguna da sunayen 'yan wasan bana, sukan yi tallar kansu da cewa suna da kyamarar PS5. Ma'anarta an ja kyamara baya don filin ya yi kama da na babban talabijin. A hoton talla abin yana da kyau. A allon inci shida kuwa ɗan wasa ya koma ɗan mitsitsi, alamar da ke kansa ta nuna wanda kake riƙe da shi ta kusa ɓacewa, ƙwallo kuma sai an ƙura ido. Tsohon kuskuren nan na ƙanƙantar da komai ne ya dawo, wannan karon daga hannun masoya wasan, kuma dalilinsa ɗaya: ana auna kyau da kamannin talabijin.

Mai ja zai ce wannan duk tarihi ne, domin allon hannu na yau ya fi talabijin ɗin da aka yi PS2 dominsa yawan ɗigo. Gaskiya ne, kuma akwai lissafin da ke goyon bayansa. Ƙa'idar Microsoft ta sauƙaƙa wasa ga kowa ta nemi harafi ya kai ɗigo 28 a hoton 1080 na talabijin. A talabijin mai inci 32 wannan kusan santimita ɗaya ne, a allon Nintendo Switch mai inci 6.2 kuma kusan milimita biyu. Da yake ana kallon na farko daga nisan kamar mita biyu, na biyu kuma daga tsawon damtse, girman da ido ke gani kusan ɗaya ne. To amma wannan ya nuna ne kawai cewa rubutun da aka auna da kyau tun farko yana tsira. Wasanni da yawa an tsara su ne a gaban allon kwamfuta, inda mai zane ke zaune dab da shi, harafinsu rabin wancan ne, idan ya sauko hannu ya koma milimita ɗaya. Fire Emblem: Three Houses na 2019 na Nintendo ne da kanta, a na'urarta, amma ƙorafin ƙanƙantar rubutunsa ya yi yawa. Kafin shi, Dead Rising na 2006 ya fito da rubutun da ba ya karantuwa a tsohon talabijin mai ƙeya, irin wanda gidajen gem da yawa suka daɗe suna aiki da shi. Da yawan ɗigo ya kashe matsalar, da kamfanin Valve bai kafa sharaɗi ba lokacin da ya kawo Steam Deck a 2022, mai inci 7 da ɗigo 1280 da 800. Kafin wasa ya sami shaidar cewa ya dace da na'urar, dole mafi ƙanƙantar harafinsa ya kai ɗigo 9 a tsayi, kuma kamfanin ya ba da shawarar 12. Ɗigo 9 a wannan allo milimita ɗaya ne da ɗan ɗoriya. Wannan iyakar ƙasa ce ga mai lafiyar ido a cikin ɗaki.

Ɗan Samaru kuwa sau da yawa ba a ɗaki yake ba. Yana gindin bishiya tsakanin lacca da lacca, ko a bayan Keke Napep daga Kwangila, ko a bakin shagon mai caji yana jiran wuta. Ya rage hasken allo don batir ya kai shi dare, ranar Maris tana dukan gilashin, ƙurar hunturu ta kwanta a kai, sikirin gad ɗin ya tsage a kusurwa. Sauti a kashe yake ko hayaniya ta cinye shi. Google tana ba masu manhajar Android shawarar kada wurin dannawa ya gaza kimanin milimita tara, domin faɗin kan yatsa ke nan, kuma wannan adadi bai canza ba tun da aka fara ƙara wa allo ɗigo. Wasannin harbi da suka yi nasara a waya sun yi la'akari da irin wannan hali. Da Tencent ta kawo PUBG waya a 2018, ta sa takun sawu da ƙarar bindiga su riƙa bayyana a matsayin alama a kan taswira, ta sa jarumi ya riƙa tsintar kaya da buɗe ƙofa da kansa, domin a kwamfuta kunne da yatsu goma ne ke wannan aiki. Free Fire na Garena, wanda ya fito a 2017, ya taɓa har tsawon wasan: mutum 50 maimakon 100, zagaye na kamar minti goma, da hoto mai sauƙin da ƙaramar waya za ta ɗauka. Lokaci ma ɓangare ne na fuskar wasa. Nintendo DS da ake rufewa ta yi barci, da PSP da ake ture makunninta a ci gaba daga baya, sun gane cewa mai wasa a hannu ana katse shi, ko da kiran salla ko da aike ko da saukar mota.

Ja na biyu ya fi ƙarfi: me ya sa ba za a bar kowa ya tsara wa kansa ba? PPSSPP tana barin mutum ya matsar da kowane maɓalli, ya ƙara girmansa, ya rage duhunsa. PUBG Mobile da Call of Duty Mobile ma haka, har gwanaye suna buga su da yatsu uku ko huɗu, suna raba wa juna tsarinsu. Ban ƙi wannan ba ko kaɗan, domin hannu ya bambanta, akwai bahago, akwai mai raunin gani, akwai mai nakasa a yatsa, kuma babu tsari ɗaya da zai ishe su duka. Inda na tsaya shi ne, 'yancin gyara ba ya wanke mai zane daga tsarin farko. Wanda ya san abin da zai matsar ya riga ya iya wasan. Sabon shiga yana hukunta wasa ne da abin da ya tarar a minti biyar na farko, kuma idan jerin saitin kansa da ƙananan haruffan Turanci aka rubuta shi, a shafi na huɗu, to maganin yana kulle a cikin cutar. Ga kuma misalin da ya gabata na jan hoto da kyamarar PS5, wanda ya nuna cewa mutum yakan zaɓi abin da ya burge ido ko da zai cuci wasansa. Aikin mai zane ne ya san haka, ya sa tsarin farko ya zama mai kyau, sannan ya buɗe ƙofar gyara.

Akwai kuma masu cewa duk wannan sauƙaƙawa lalata wasa ce. Gwanin gidan gem da ya shekara yana koyon haɗa maɓalli uku don yanka ɗaya yana raina Dream League Soccer mai maɓalli uku gaba ɗaya, yana raina bindigar da ke harbi da kanta idan ta hau kan abokin gaba a saitin sauƙi na Call of Duty Mobile. Yana da gaskiya a wani wuri. Akwai wasannin da daɗinsu yana cikin wuyar hannu, idan aka cire ta ba abin da ya rage, kuma irin waɗannan gara a bar su a talabijin ko a nemi fad mai bulutut. Kamfanonin ma sun yarda cewa kayan bugawa suna canza gasa, shi ya sa PUBG Mobile ke ware masu bugawa ta kwamfuta daga masu yatsa a gilashi. Amma ya kamata a raba wuya iri biyu. Akwai wuyar da mai wasa ya zo nema: karanta fili, sanin lokacin ba da fasin, zaɓen inda za a ɓuya. Akwai kuma wuyar da kayan aiki suka jawo: yatsa ya zame, rubutu bai karantu ba, abu ya faɗo daga wajen allo. Tsintar harsashi da kai ba ita ce gwanintar PUBG ba, don haka miƙa ta ga na'ura bai rage komai ba. Harbi da kansa kuwa ya taɓa zuciyar wasan, shi ya sa ya dace ya zama zaɓi, kuma haka aka bar shi. Ma'aunin a kowane lokaci shi ne a tambayi wace shawara ce wasan yake son mutum ya yanke, a kare ta, a sauke masa sauran.

Saura tambayar kuɗi. Wani zai ce kamfanin Tokyo ba zai sake zane don saurayin da ya karɓi wasa ta Xender bai biya ko kwabo ba. Wataƙila haka ne ga wasannin sayarwa, amma wasannin kyauta da ke cin riba daga talla da ƙananan saye suna rayuwa ne da yawan jama'a, kuma wayar da ke hannun wannan saurayi shaida ce cewa lura da halin mai saye yana biya. Kamfanin Transsion na Shenzhen, mai Tecno da Infinix da itel, ya mamaye kasuwar Afirka ne da layi biyu, da batir mai daɗewa, da kyamarar da aka daidaita don baƙar fata. Wanda ya fi kusa da yin irin wannan a fagen gem shi ne wanda yake zaune cikin yanayin. A harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru akwai sashen kimiyyar kwamfuta, akwai sashen zanen masana'antu inda ake koyar da zanen hoto da rubutu, akwai masu nazarin Hausa, duk a tafiyar ƙafa da juna. Idan wasan da za su yi zai yi magana da Hausa, akwai matsalar da ƙa'idar Valve ba ta hango ba. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka zauna a rubutun boko a shekarun 1930 ta hannun hukumar talifi ta Zariya a zamanin Rupert East, bambancinsu da b da d da k ɗan ƙugiya ne a sama. A harafi mai ɗigo 9 ƙugiyar ba ta wuce ɗigo ɗaya ko biyu, kuma nau'o'in rubutu da yawa da ake sakawa a wasanni ba su da waɗannan haruffa sam, sai akwati ya fito a gurbinsu. Umarnin Hausa kuma sau da yawa ya fi na Turanci tsawo, ba ya shiga ramin da aka yanka wa kalma mai harafi huɗu. Mai zanen da ya fara da Turanci da niyyar fassarawa daga baya zai tarar maɓallansa sun yi kaɗan, don haka faɗin maɓalli da tsayin harafi a wasan Hausa sai an auna su da jimlar Hausa tun ranar da aka fara zane, a kan waya mai araha, a waje da rana.